Kuɗin albasa da tsohuwar kwamfutar Yaya: wace furosesa zan saya?

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, ina aji 3. Yayana ya bar mini kwamfutarsa ta tebur lokacin da zai tafi bautar ƙasa, daga can ya samu aiki, bai sake waiwayarta ba. A 2018 aka haɗa ta: furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Ryzen 3 1200, ram, wato ma'ajin aikin da ake kai, giga 8 sanda ɗaya, katin hoto GTX 1060 mai giga 6, a jikin madabod, wato babban allon da komai ke zaune a kai, kuma na ga an rubuta A320M. Da ita nake aikin makaranta, da ita kuma muke buga ƙwallo da abokai daren Juma'a. Tsofaffin gem lafiya lau take ɗauka, amma tun da na sa gem ɗin ƙwallo na FC 24 sai ta riƙa sarƙewa, musamman idan an bugo kwana 'yan wasa sun taru a gaban raga. Na tara ɗan kuɗi daga albasar da na noma da rani a gefen gonar Baba. Wani abokina ya ce ya ga mai sayar da i7-4790 da araha a Facebook, wai i7 ko ta tsufa ta fi Ryzen 3. Wani kuma ya ce in daure in haɗa da kuɗin rajista in sayi 5800X3D in huta gaba ɗaya. Baba bai san ina wannan lissafin ba. Don Allah me zan saya?

Manomin albasa, daga Aliero

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sa wa albasa albarka, ya tsare ta daga ruɓa.

Amsar a taƙaice ita ce Ryzen 5 5600, idan kuɗin bai kai ba kuma Ryzen 5 5500. Abokanka biyu duk sun yi maka fatan alheri, kuma duk su biyun sun nuna maka hanyar da ba ta ɓullewa. Amma kada ka karanta wannan layin kawai ka ruga ka tura wa wani kuɗi, domin wahalar aikin nan tana kan bod ɗin da ke cikin akwatinka, kuma akwai abin da idan ba ka yi shi kafin ka cire tsohuwar furosesa ba, sabuwar ko motsi ba za ta yi ba.

Bari in fara sallamar mai i7, shi ne mai sauƙi. Wannan i7-4790 ɗin ba za ta shiga bod ɗinka ba ko da guduma aka sa. Ta kamfanin Intel ce, ta fito a 2014, mazauninta, wato gurbin da take zama a kan bod, LGA1150, kuma da tsohon ram na DDR3 take aiki. Bod ɗinka na AMD ne, mazauninsa AM4, ram ɗinsa DDR4. Hatta ƙirarsu a juye take: a AM4 allurai 1,331 suna jikin furosesa ne, ramukan suna kan bod, a na Intel kuwa furosesa shafaffiya ce, alluran suna cikin bod. Idan ka saye ta, sai ka nemi wani tsohon bod da wani tsohon ram, wato ka biya kuɗi ka koma baya da shekara 3 ko 4. Sunan i7 ɗin ne ke ruɗar mutane. Tun 2008 Intel ke buga wannan suna a kan furosesa iri-iri, har i3 ta 2022 irin 12100F ta fi i7 ta 2014 gudu nesa ba kusa ba. Kamar a ce maka "Toyota ce", ba a gaya maka shekararta ba.

Na biyun ya fi haɗari domin maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Ryzen 7 5800X3D za ta zauna a mazaunin AM4, kuma a fagen gem ita ce sarauniyar wannan mazauni. Amma duba lissafin. Da ta fito a Afrilun 2022 dala 449 aka sa mata. An ƙiyasta cin wutarta da zafinta a wat 105, taka ta yanzu wat 65. Ba ta zuwa da fanka a kwali, sai ka sayi babba daban. Bod na A320 kuma shi ne mafi araha a gidan AM4, yawancinsu sassan da ke tace wuta su shayar da furosesa a buɗe suke, babu ƙarfen da ke ɗebe musu zafi. Ka ɗora wannan a ɗakin ɗalibi a Aliero cikin watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 a inuwa. Bayan duk wannan, katin hotonka na GTX 1060, wanda ya fito tun 2016, shi zai riƙe ta, ba za ta taɓa nuna rabin abin da ka biya ba. Ingarman doki ne za a ɗaura wa amalanke.

Kuɗin rajista kuwa, kada ka taɓa ko naira. Zan dawo kan wannan.

Kai da ke zaune a garin masu ɗori ka fi ni sanin cewa ba sa ɗaure kara sai sun laluba sun ji inda ƙashin ya karye. Haka za ka yi wa kwamfutar nan kafin ka kashe sisi. Ina da zato mai ƙarfi a kan furosesa, ga dalili: kamfanin EA ya rubuta cewa mafi ƙarancin abin da FC 24 ke buƙata shi ne Ryzen 5 1600 ko i5-6600K, da ram giga 8, da kati GTX 1050 Ti. Katinka ya haye wannan layi. Ram ɗinka yana kan layin daidai, babu rara. Furosesarka kuwa tana ƙasa da shi: Ryzen 5 1600 ƙwaya 6 gare ta da zare 12, taka ƙwaya 4 da zare 4; ƙwaya kamar ma'aikaci ne a cikin furosesa, zare kuma yawan ayyukan da take riƙewa lokaci ɗaya. Kuma alamar da ka ba ni ta dace. Lokacin bugun kwana 'yan wasa sun cunkushe wuri ɗaya, kowa yana tsalle yana ture wani, lissafin motsinsu da karonsu da inda ƙwallo za ta faɗa duk furosesa ce ke yinsa. Kati zane kawai yake yi, sai an miƙa masa sannan ya zana.

Duk da haka gani ya kori ji. Sauke MSI Afterburner, kyauta ce, ka sa ta nuna maka lambobi a kusurwar allo yayin da kake wasa. Idan a daidai lokacin sarƙewar ka ga furosesa ta cika ɗari bisa ɗari, kati kuma yana hutawa a 60 ko 70, to an kama ɓarawo. Gwaji na biyu ko manhaja ba ya so: rage girman hoton gem daga 1080 zuwa 720. Idan ya saki ya yi santsi, kati ne ke wahala. Idan hoto ya yi muni amma sarƙewar tana nan yadda take, furosesa ce.

Sai abu na uku, wanda mutanenmu suka fi mantawa da shi: zafi. Kwamfutar da aka haɗa a 2018 ta sha hunturu nawa a Kebbi? Na sha buɗe akwati in tarar da ƙura ta yi kirtani tsakanin fanka da ƙarfen sanyaya kamar bargo. Man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen kuma yana bushewa ya zama kamar alli. Furosesa idan ta ji zafi ya kusa kai ta maƙura, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, kai kuma sai ka ga gem yana cijewa bayan minti 20 da farawa. Cire filogi, fito da akwatin waje, ka hure shi da bulowa, kana riƙe da kowace fanka da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima. Duba lambar zafi kafin da bayan. Wannan ba zai mayar da ƙwaya 4 ta zama 6 ba, amma aiki ne da dole ka yi ko da ka sayi sabuwa, kuma na ga wanda daga shara kawai ya fasa sayen komai.

To, ga inda ka yi sa'a. Yayanka, ko ya sani ko bai sani ba, ya zaɓi mazaunin da ya fi kowanne tsawon rai a zamanin nan. Ryzen ta farko ta hau AM4 a 2017, kuma AMD ta ci gaba da fito da sababbin furosesa masu hawa wannan mazaunin har bayan shekara 7. Da farko an hana tsofaffin bod irin naka ɗaukar jerin Ryzen 5000, irin su 5600. A 2022 kamfanin ya sassauta, ya buɗe wa A320 da B350 da X370 ƙofa ta hanyar sabunta bayos, ɗan shirin da ke tayar da bod. Wanda ya sayi furosesar Intel zubi na 6 ko na 7 a wancan lokacin bai samu wannan gatan ba, domin ta zubi na 8 ba ta aiki a bod ɗinsa duk da cewa yawan alluran ɗaya ne.

Me ya sa 5600? Ƙwaya 6, zare 12, tana tashi har 4.4 GHz, taka tana tsayawa a 3.4. Amma ba yawan lambar ne kaɗai ba, kowace ƙwaya a cikinta ta fi ta 1200 cin aiki a bugu ɗaya, domin tsakaninsu akwai zubi uku na gyaran ƙira. Sannan akwai abin da masu sayarwa ba sa ambata, wato ma'ajin kusa da ake kira L3. Ɗauke shi kamar tiren mai shayi: abin da ke kan tire hannu kawai zai miƙa, abin da babu sai ya aika yaro shago. Furosesarka mega 8 gare ta, 5600 mega 32, kuma a dunƙule wuri ɗaya yadda duk ƙwayoyin 6 za su kai hannu. Gem yana son wannan ƙwarai. Mafi daɗi, wat 65 ce kamar taka. Bod ɗinka ba zai ji baƙon nauyi ba, fawafak ɗinka, wato akwatin da ke ba kayan wuta, ba sai an canja ba, fankar da ke kai yanzu za ta iya ci gaba da aiki idan an wanke ta. Mai X a ƙarshe, wato 5600X, bambancinsu kaɗan ne ƙwarai. Idan farashi ɗaya ne ɗauka, idan an ɗora mata wani abu bar ta.

5500 ƙanwarta ce. Ƙwaya 6 da zare 12 ita ma, zubin ƙira ɗaya, sai dai ma'ajinta mega 16, rabin na 5600. Ranar fitowarsu 5500 dala 159 ce, 5600 kuma dala 199. Za ka ji ana kushe ta wai hanyar da take magana da katin hoto tsohuwa ce, PCIe 3.0. Wannan kushen bai shafe ka ba, domin bod ɗinka da katinka duk a 3.0 suke, ko 5600 ka sa a nan za ta tsaya. Da GTX 1060 a gaba, tazarar da ke tsakanin su biyun ba za ta cika bayyana a idonka ba. Za ta bayyana ne ranar da ka samu kati mai ƙarfi. Shi ya sa na ce idan bambancin kuɗin ɗan kaɗan ne, daure ka ɗauki 5600. Idan bambancin zai sayi sandar ram, ɗauki 5500 da ram.

Ryzen 5 3600 ta hannu, wadda ta fito a Yulin 2019, ita ce ta uku. Tana da mega 32 amma a rabe gida biyu, ƙirarta kuma ta girmi waɗancan da zubi ɗaya. Idan ka same ta da araha sosai a hannun wanda ka sani, ba laifi, za ta riƙe FC 24 lafiya.

Hattara da tarkon lamba. Ryzen 5 4500 lambarta ta fi 3600 girma, amma ma'ajinta mega 8 ne kacal, a gem 3600 ta fi ta. Ryzen 7 5700 marar harafi a ƙarshe mega 16 ce, ba ɗaya take da 5700X ba. 5600G kuma mega 16 ce, abin da ta fi shi ne tana da nata ɗan katin hoto a ciki, kai kuwa kana da kati, don haka biyan kuɗin abin da ba ka buƙata ne. Mai shago zai iya ce maka "ai duk 5600 ce". Ba duk ba ce.

Maganar ram ba ƙari ba ce, rabin maganin ce. Sanda ɗaya tana nufin hanya ɗaya ce tsakanin furosesa da ram, alhali an gina hanyar ta zama biyu, kuma Ryzen tana jin wannan a jikinta. Giga 8 ma ya matse a yau: Windows ta ci nata, burauza ta ci nata, gem ya samu saura. Ƙara sanda ta giga 8 ka koma 16. Buɗe manhajar CPU-Z ka ga gudun wadda kake da ita, ka nemi mai irin gudun, in da hali kamfani ɗaya. Idan suka bambanta, duka biyun za su bi gudun mai rauni. Idan ma kuɗin duka bai haɗu yanzu ba, fara da ram, furosesa ta jira girbi na gaba.

Yanzu ga gangaren da ake faɗuwa. Ka ce mini an rubuta A320M, amma wannan rabin suna ne. Kamfanoni da yawa sun yi bod mai wannan suna, ASUS da Gigabyte da MSI da ASRock da Biostar, kowanne kuma iri-iri, wasu har da lambar zubi a gefen allon. CPU-Z za ta nuna maka cikakken sunan da lambar bayos ɗin da ke kai. Ɗauki sunan ka shiga shafin kamfanin da ya ƙera shi, ka nemi jerin furosesar da bod ɗin ke ɗauka. Idan ka ga 5600 a jerin, a gefenta za ka ga lambar bayos ɗin da ake buƙata. Idan ba ka gan ta ba, kada ka saya, ko wa ya rantse maka. Duba 3600 a jerin. Wannan binciken datar naira kaɗan zai ci, kuma shi ne ke raba mai riba da mai kuka.

Bayos shi ne ɗan shirin da ke kwance a wani ƙaramin cif a kan bod, shi ke fara tashi ya gane kayan da ke jiki kafin Windows ta farka. Bayos na 2018 bai taɓa jin labarin furosesar 2022 ba. Ka sa ta, fanka za ta juya, allo baƙi ƙirin. Kuma da tsohuwar furosesa ake sabunta shi, domin yawancin bod masu araha ba su da maɓallin da ke yin aikin ba furosesa. Saboda haka kada ka sayar da 1200 don ka cika kuɗi. Na ga wanda ya yi haka, ya zauna da sabuwar furosesa a hannu yana yawon aron tsohuwa.

Karanta bayanin da ke gefen kowane bayos a shafin, ko da Turancin ya gundure ka. Wasu bod ba a tsallakawa daga na 2018 zuwa na ƙarshe kai tsaye, sai an taka wani na tsakiya tukuna. Wasu kuma cif ɗinsu ƙarami ne, sai da aka goge tsofaffin furosesa kafin sababbi su samu wuri, har kamfani yakan yi gargaɗin kada mai tsohuwar Ryzen ya sa. Ma'anar wannan a wurinka ita ce kada ka sa bayos na ƙarshe sai sabuwar furosesa tana kan teburinka. Tsarin ke nan: duba jeri, sayo, sabunta da tsohuwa, kashe, musanya.

Sannan wuta. Aikin minti kaɗan ne, amma idan wuta ta ɗauke a tsakiyarsa bod ya suma. Ni ya taɓa faruwa da ni, kuma bod ɗin ba nawa ba ne. Na ga wuta ta wuni ba ta ƙifta ba, na ce bari in yi sauri. Layin da ke tafiya a allo ya wuce rabi, fankar silin ta fara rage gudu, na ji cikina ya ɗuri ruwa. Sai da na aika bod ɗin wani gari wurin mai na'urar rubuta cif, na biya kuɗin mota da na aiki daga aljihuna, mai kaya kuma ya yi mako biyu yana gaishe ni da fuska ɗaya. Garin neman gira na kusa rasa ido. Don haka kada ka yi wannan aiki da wutar layi tsirara, kada kuma ka yi da ƙaramin janareta mai tari. Nemi UPS mai lafiyayyen batir, ko ka ɗauki akwatin ka kai inda ke da sola da inbata, shagon buga takardu ko gidan wani malami, ka roƙi minti 15. Yi amfani da filash mai kyau wanda aka tsara a FAT32, ka sabunta daga cikin bayos ɗin kansa. Kwamfutar za ta iya kashe kanta ta kunna sau biyu ko uku. Naɗe hannunka, kada ka taɓa komai.

Wajen saye, farashin kayan nan da dala yake rawa, don haka tambayi wuri uku kafin ka tsaya: masu shago a Birnin Kebbi ko Sakkwato, da na Kano, da na Ikeja a Legas. Sau da yawa na nesa ya fi araha, amma ka haɗa da kuɗin aike da kuma wahalar mayarwa idan an samu matsala. Abin da na fi so shi ne ka ɗauki akwatinka ka je shago, a sabunta bayos da tsohuwar, a sa sabuwar a gabanka, ta tashi, CPU-Z ta karanta sunanta, sannan ka biya. Rubutun da ke kan murfin furosesa ana iya goge shi a buga wani, amma abin da manhaja ta karanta daga ciki ba ya ƙarya. Idan dole sai an aiko ta mota, kada ka yi cinikin biri a sama. A ɗauko maka bidiyon alluran a gaban haske ana juya ta, layi-layi, ka ga babu wadda ta kwanta ko ta karye. A sa ta cikin robarta mai murfi, ba a naɗe ta a leda ko tishu ba, domin buhun wani zai hau kanta a but. A rubuta maka garanti na kwanaki a saƙo. Kuma duk wanda ya ce sai ka tura kuɗi duka a asusun da sunansa ya bambanta da na shagon, gaishe shi ka wuce. Za ka ji ana cewa "ta tire" ko "ta kwali": ta tire ba jabu ba ce, fanka ce kawai ba ta zuwa da ita, kai kuma kana da fanka.

Ranar musanya, bar kwamfutar ta yi aiki minti 10 ta ɗumama kafin ka kashe ka cire filogi. Dalili: busasshen mai yana manne furosesa da ƙarfen sanyaya, kuma a AM4 idan ka fizga, furosesar takan biyo ƙarfen ta fito daga mazauni da hannun a kulle, allurai su lanƙwashe. Kwance sukurori ta kusurwa da kusurwa, ka ɗan murza ƙarfen hagu da dama har ya saki, sannan ka ɗaga. Taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa kaya, musamman da hunturu lokacin da ko gaisawa aka yi sai a ji tartsatsi. Ɗaga ɗan hannun da ke gefen mazauni, fito da tsohuwa. Sabuwar tana da alamar kusurwa uku ruwan zinare a gefe ɗaya, mazaunin ma yana da irinta. Ka daidaita su, za ta faɗa da kanta. Idan ta ƙi, ba a danna ta. Goge tsohon mai daga ƙarfen da sifirit da tsumma mai tsabta, ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, mayar da fanka, kada ka manta da wayarta. Man goge baki ba man furosesa ba ne, ko wane bidiyo ka gani. Tashin farko yakan ɗan jima allo bai kawo ba, kada hankalinka ya tashi. Idan ta tambaye ka wani abu game da fTPM, wani tsarin tsaro na cikin furosesa, amsa da Y ba matsala matuƙar ba ka kulle faifanka da BitLocker ba; idan ka kulle, kwance shi tun kafin musanya. Kwafe aikin makarantarka a filash kafin duk wannan. Idan hannunka yana rawa, ba abin kunya ba ne ka kai wa mai gyara ka tsaya a kansa.

Kada in cika maka baki. Bayan aikin nan sarƙewar bugun kwana za ta tafi, gem zai yi santsi, buɗe manhajoji da yawa lokaci ɗaya zai daina zama azaba. Amma kyan hoto zai tsaya inda yake, domin wannan aikin kati ne. A sababbin manyan gem GTX 1060 ce za ta koma mai jan ƙafa, kuma haka ake so, domin kati idan ya gaza rage kyan hoto kake yi ka ci gaba, furosesa idan ta gaza babu abin ragewa. Idan har yanzu a kan tsohon faifai mai juyi Windows take, SSD, wato faifai marar juyi mai sauri, ce sayayyarka ta gaba. Akwai kuma wata riba ta gefe: Microsoft ta tsayar da tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Ryzen 3 1200 kuma ba ta cikin jerin da Windows 11 ta amince da su, amma 3600 da 5500 da 5600 duk suna ciki. Wannan hujja ce ta aikin makaranta, ba ta ƙwallo ba, kuma gaskiya ce.

Na lura da layinka na ƙarshe kafin tambaya. Kuɗin guminka ne, kai ka yi ban ruwa, kai ka kwana kana tsoron farashi ya karye. Amma ƙasar ta Baba ce, kuma dattijo ba ya son ya ji labarin ɗansa a bakin wani. Zauna da shi bayan sallar isha'i, ka nuna masa kuɗin rajista a ware gefe guda, ka ce ga abin da ya rage, ga abin da kake son yi da wani kaso, ga kuɗin iri da takin baɗi ka cire. Kada ka ɓoye masa cewa ana buga ƙwallo a kanta, ya riga ya ji ihunku daren Juma'a. Idan ya ce a dakata, dakata; furosesar nan ba za ta ƙare a kasuwa kafin wata albasar ta nuna ba. Wanda ya ba ka shawarar taɓa kuɗin rajista kuma, ranar da aka rufe shafin biya ba zai raka ka ofishin kuɗi ba.

Yayanka ma ka kira shi. "Ya bar mini" da "ya ba ni" ba ɗaya ba ne, kuma gara ka ji daga bakinsa kafin ka zuba kuɗi a kayan da zai iya aiko mota ta ɗauka. Mai yiwuwa ma kwalin bod ɗin da takardarsa suna ajiye a wani wuri da shi kaɗai ya sani, kuma tun da ya fara ɗaukar albashi, ka ambata masa sandar ram ɗin nan a cikin hira ka yi shiru.

Tsohuwar 1200 kuma ka sa ta cikin robar sabuwar, ka ajiye a durowa wata guda har ka tabbatar komai ya zauna. Turo mini cikakken sunan bod ɗin da lambar bayos ɗin da CPU-Z ta nuna maka, in duba jerin tare da kai kafin ka biya.